Rasuwar Sakatariya, Wayar Baba Shekari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi kama da haushi, ni Celina Shekari ta Trikania, a madadin iyalan Baba Shekari na unguwar Television, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar zaman mahaifinmu, wayar nan da kowa ya sani da suna Sakatariya. Ta rasu ranar Lahadin da ta wuce, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, a falon Baba, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, da caji kashi sittin da biyu a jikinta.

Na ambaci cajin ne don kada wani ya tafi yana yaɗa cewa tsufa ne ya ɗauke ta. Marigayiyar ba ta faɗa ruwa ba, ba ta faɗi ƙasa ba, wuta ba ta ƙona ta ba. Washegari na ɗauki gawar na kai wa likitan iyali, Ekene mai gyaran waya a Sabon Tasha, wanda a tsawon rayuwarta ya sauya mata batir sau uku da gilashi sau ɗaya. Ya buɗe ta, ya duba, ya hura, ya ɗago kai ya ce, "Anti, this phone no die o. Wallahi ta fi ni lafiya." Na ce ya mayar da murfin ya ba ni abata, domin irin wannan mutuwar ba a teburinsa ake ganin ta ba.

Ga waɗanda ba su santa ba, marigayiyar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba. Robar ɗaure gashi ce take riƙe da bayanta tun shekara ta huɗu. Ta shigo gidanmu a shekarar da na gama bautar ƙasa, na sayo wa Baba ita don ya riƙa karatu, domin magana ta waya ba ta da amfani a wurinsa. Baba ya yi shekara ashirin da shida a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, injina suka cinye masa kunne. Idan kana son ya ji ka, ko dai ka ɗaga murya har maƙwabta su san sirrinka, ko ka rubuta masa. Duk wanda ya san shi ya san ba a kiransa a waya.

Aikinta na farko shi ne aikin ƙungiya. Mutanen ƙauyenmu na can bayan Zonkwa mazauna Kaduna suna da ƙungiya, ni kuma na gina musu shafi ɗaya tak a intanet. A samansa an rubuta “Waɗanda Suka Riga Mu”. A ƙarƙashi sai sunan wanda ya rasu, da ranar jana'iza, da inda mota za ta tashi. Idan babu wanda ya rasu, sai ka ga rubutun sama kaɗai, ƙasa kuma fari fat. Kowace safiya bayan addu'a Baba yakan sa tabarau ya danna ta. Takan ce “tirrin-tin”, gaisuwar da bai taɓa ji da kunnensa ba, sai dai ya ji motsinta a tafin hannu. Ba ta da gaggawa. Kafin ta buɗe shafin, Baba ya sha rabin kofin kunu. Idan akwai suna, sai ya ɗauki hularsa ya bi gida-gida, daga Television zuwa Unguwar Boro har Kakuri, yana sanar da tsofaffi. Da haka mutane suka raɗa masa Rediyo, ita kuma Sakatariya.

Aikinta na biyu shi ne ya kai sunanta ƙasashen da ni kaina ban taɓa takawa ba. Shafin nan ban gina shi daga tushe ba. Akwai wani ƙashin gini na shafukan intanet, ginshiƙai da katakon rufi da aka riga aka haɗa, kowa ya ɗauka kyauta ya ɗora nasa bangon. Ba mallakar kowa ba ne. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, suke haɗuwa a wani dandali suna toshe inda yake yoyo, suna ƙara abin da babu, suna fitar da sabuwar siga duk bayan 'yan watanni. Ranar da na rubuta wa Baba bayanin wannan, ya karanta ya ce, “Ai gayya ke nan.” Tun daga nan a gidanmu Gayya muke kiransa. Shekara tara ke nan ina cikin 'yan ƙalilan da suke riƙe da mabuɗinta, waɗanda babu abin da zai shiga sai da saninsu.

Kafin kowace siga ta fita, nakan hau keke napep daga Trikania, in jira Baba ya gama karatunsa, in karɓi aron Sakatariya, in zagaya bayan gida kusa da tankin ruwa inda sabis yake sanda ɗaya. Idan sabuwar siga ta buɗe a hannun marigayiyar a wannan lungun, to za ta buɗe ko'ina a duniya. Sai in rubuta wa 'yan Gayya cewa Kaduna ta wuce. A jerin abubuwan da ake dubawa kafin fitar da siga, ita ce ta goma sha bakwai, kuma manyan mutane masu manyan kwamfutoci sukan zauna su jira ta gama tunaninta. Sau bakwai ta kama kuskuren da ya wuce idon kowa. Akwai shekarar da wani malamin makaranta daga ƙasar Peru ya aiko da hoton ɗalibansa, kowa riƙe da waya irinta, yana godiya. Baba ya sa na wanke hoton, yana nan a bango kusa da na aurensa.

Ba ta da girman kai, ba ta ƙorafin data, ba ta taɓa neman a saya mata riga ba. Idan caji ya yi mata ƙasa takan ce “ɗit” sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Aibinta guda ne: abin da aka ba ta shi take nunawa, ba ta tambayar wa ya bayar.

Yanzu sai in zo ga jinyarta, kuma a nan dole in ambaci sunan mutum.

Wilson ɗan Goggo Vicky ne, ƙanwar Baba. Magidanci ne da mata da 'ya'ya biyu a Unguwar Boro. Ni na shigo da shi Gayya, ni na tsaya masa har aka ba shi mabuɗi irin nawa, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa yana da kyau a aiki. Ya sha raka ni bayan tankin ruwan nan. Ya taɓa riƙe mini lema ruwa yana zuba ina gwaji. Ya ci tuwon gidan Baba fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

A watan Mayu, Wilson ya ɗora shawara a dandalin Gayya. Ya ce a cire duk tsoffin layukan da aka rubuta don lallashin tsoffin wayoyi. Ya ce layi dubu uku ne, sun yi wa ginin nauyi, duk wanda ya taɓa su sai ya kwana da ciwon kai, kuma masu irin waɗannan wayoyi yanzu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Bai yi ƙarya ba. Ni kaina na sha tsine wa layukan nan. A ƙarshen shawarar, kamar abin da ya tuna a bakin ƙofa, ya ƙara da cewa a share lamba ta goma sha bakwai daga jerin dubawa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne a dandali na gani, tare da mutanen Jamus da Indiya. Tsakanin gidana da nasa bai kai tafiyar rabin awa ba. A inda muka fito, ba a kai maganar gida kasuwa sai an faɗe ta a ɗaki. Da ya zo ya zauna ya ce, Yaya, ga abin da nake tunani, da mun yi faɗa, mun sha ruwa, mun nemo hanya.

Gayya tana da doka. Kowace shawara takan yi kwana goma sha huɗu a buɗe. Idan babu mai mabuɗin da ya ce bai yarda ba, an ɗauka kowa ya yarda. Na san dokar nan, na yi aiki da ita shekara tara. Amma ni 'yar Baba Shekari ce, kuma a gidanmu idan babba ya yi shiru, to wuta ce. Saboda haka na yi shiru. Na naɗe hannu ina jiran Wilson ya ji nauyin shirun nan ya tako ya zo.

Kada wani ya ce mini bai gane ba. Wannan Wilson ɗin, lokacin aurensa, ya aika wa Baba ranar biki a takarda maimakon ya zo da kansa. Baba ya karanta, ya ninke, bai ce uffan ba. Kwana uku ba su cika ba sai ga Wilson a Television da kaji biyu a hannu, ya durƙusa a ƙofar falo yana tambayar laifinsa. Babu wanda ya fassara masa shirun Baba a wancan lokacin.

A rana ta goma sha huɗu, wata baiwar Allah daga ƙasar Finland, wadda ba ta taɓa cin tuwonmu ba, ita ce ta tsayar da magana. Ta rubuta cewa wannan ya shafi Celina fiye da kowa, ko akwai wanda ya ji daga gare ta? Sai ɗan'uwana ya amsa mata. Na karanta amsar sau da yawa har na haddace ta: “Na santa, gida ɗaya muka fito. Da tana da ƙorafi da ta faɗa.” Bayan awa guda aka rufe magana. Da ɗan gari akan ci gari, haka muka taso muna ji, amma ban san zan gani a falona da rana tsaka ba.

Ba zan wanke kaina ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kalma uku ce za ta ceci marigayiyar, “ban yarda ba”, kuma ina da yatsu goma da data. Na zaɓi in jira kaji. Da ba su zo ba, sai na ƙara fushi a kan fushi: na rufe duk saƙon Gayya, na kashe ƙarar zauren hirar 'yan ƙungiyar ƙauyenmu da ke wayata don kada in ga sunan Wilson. A cikin wannan fushin na manta da abu ɗaya. Shekarun baya, ni da hannuna na saita shafin ƙungiya ya riƙa ɗaukar kowace sabuwar siga da kansa, ba sai na taɓa ba. Na yi haka ne saboda na yarda da mu.

Wilson bai manta ba. Mako guda kafin sabuwar siga ta fita, ya saya wa Goggo Vicky sabuwar waya mai faɗin faranti. Goggo ta zo ta nuna mini, na taya ta murna, har na ce Allah ya yi wa yaron nan albarka. Sai daga baya na zauna na haɗa lissafin kwanakin. Ya tuna da mahaifiyarsa. Kawunsa da ya karɓi kajinsa ya sa masa albarka, da sauran tsofaffi arba'in da ɗaya masu irin wayar, su ne waɗanda ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Siga ta fita ranar Talata. Ranar Laraba da safe Baba ya sa tabarau, Sakatariya ta ce “tirrin-tin”, ta buɗe shafi. Rubutun sama ya fito, domin shi rubutu ne tsura. Sunayen ƙasa kuwa sabon salo ne yake kawo su yanzu, salon da ba a koya mata ba. Da ma ta ce ta kasa, da ma ta nuna wani jan rubutu, da Baba ya aiko a kira ni. Ba ta nuna komai ba sai fari, irin farin da shekara goma sha ɗaya yake nufin kowa yana lafiya. Baba ya ce mun gode wa Ubangiji, ya shanye kununsa.

A kwana goma sha biyun farko ba ta yi ƙarya ba, da gaske babu wanda ya rasu. A rana ta goma sha uku, Litinin, Baba Ezekiel ya cika a ƙauye.

Wanda bai san Baba Ezekiel ba bai san rabin mahaifina ba. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki a masaƙa, ɗaki ɗaya suka kama a Kakuri, shi ne abokin ango a auren iyayena. Da masaƙa ta rufe ya koma gida noma. Akwai alkawari tsakaninsu wanda duk ƙauye ya sani: wanda ya rage shi zai karanta tarihin ɗan'uwansa a bakin kabari. Baba ya sayi littafi mai shafi tamanin saboda haka, yana ta rubutu shekara da shekaru. Kowace Kirsimeti sai ya ɗaga littafin a gaban Baba Ezekiel ya ce ya saka labarin ranar da shi Ezekiel ɗin ya zame ya faɗa cikin kwatarniyar rini, ya yi mako guda yana yawo shuɗi. Baba Ezekiel kuma sai ya rantse shi zai riga shi karantawa, don nasa littafin ya fi muni.

Malam Sam, sakataren ƙungiya, ya ɗora sanarwa ranar Litinin ɗin, ya duba a wayarsa ya ga ta fito. Babu wanda ya yi tunanin zuwa Television, domin wa zai kai wa Rediyo labari? Mutanen Kaduna suka ɗauka Baba ya riga ya wuce ƙauye tun ranar farko. Mutanen ƙauye suka ɗauka yana tafe da motar ƙungiya. Ranar Asabar mota ta tashi daga Unguwar Boro da kujerar gaba babu kowa. A bakin kabari fasto ya kira sunan Shekari sau uku. Matar marigayin, Mama Christy, tana ta waige-waige. A ƙarshe wani jika ya karanta ranar haihuwa da ranar rasuwa daga jikin kalanda, aka rufe.

Wilson yana wurin. An shaida mini yana tsaye a layi na biyu, da Goggo Vicky a gefensa. Duk cikin taron nan shi kaɗai ne yake da ilimin da zai gane dalilin da ya hana Baba zuwa. Da Mama Christy ta tambaye shi ina kawunsa, sai ya ce wataƙila ba ya jin daɗi ne.

Ranar Lahadi, rana ta goma sha tara, Baba ya sa farar rigarsa ya tafi sujada. Da aka zo lokacin shaida ya miƙe. Kun san muryar mutumin da ba ya jin kansa, har masu sayar da masara a bakin titi sun ji. Ya ce yana gode wa Ubangiji, kwana goma sha tara cur mutuwa ba ta leƙa ƙauyenmu ba, a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi yake kwasar tsofaffi. Ya ce, “Har wancan mai taurin kan, Ezekiel, yana nan daram, littafinsa yana ta jira a akwatina!” Ya yi dariya, ya tsaya yana jiran jama'a su taya shi. Rabin mutanen da ke zaune a wurin kuwa, ranar Asabar da yamma suka dawo daga jana'izar. Malam Sam ne ya taso, ya juya takardar tsarin sujada, ya rubuta a bayanta, ya miƙa masa a gaban ikilisiya.

Ni ba a majami'ar nake sujada ba. Kira aka yi mini. Na iso gida da kwamfutata na tarar da Baba zaune da farar rigarsa, takardar a cinyarsa. Kallo ɗaya na yi wa Sakatariya na gane komai. Na zauna a kan tabarma na cire shafin daga sabuwar siga, na sa sunaye su riƙa fitowa tsura kamar rubutun sama. Awa biyu ya ɗauke ni. Ina so a rubuta wannan a tarihinta: abin da ya raba Baba da kabarin amininsa aikin awa biyu ne.

Na miƙa masa ita. Ta yi jinkirinta na kullum, sannan ta nuna sunan Baba Ezekiel, da ranar Asabar, da ƙarfe bakwai a Unguwar Boro. Baba ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau. Ya ce, “Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.” Sai ya ɗora babban yatsansa a gefenta ya danne bai saki ba. Ta ce “tuuu-run”, ta yi motsin nan nata sau ɗaya a tafinsa, fuskarta ta yi baƙi. Ya buɗe akwatinsa ya ajiye ta a kan littafi mai shafi tamanin, ya rufe.

Ina tsaye a wurin, da biro a hannuna da takarda a gabana. Layi biyu zan rubuta masa ya san ba ita ba ce. Ban rubuta ba. Na bar ta ta tafi da laifina da na Wilson a kanta, kuma har wannan lokacin da nake rubutu Baba bai san komai ba. Da na saci gawar na kai wa Ekene ma, a ɓoye na mayar da ita.

Wilson ya zo gidana ranar Talata, hannu rabbana. Ya zauna a bakin kujera yana murza makullin mota. Ya ce, “Yaya, ai ba ki ce komai ba.” A wannan karon na ce abubuwa da yawa, maƙwabta shaida ne. Na kuma rubuta wa Gayya ƙorafina, a makare da wata biyu. Baiwar Allahn nan ta Finland ta amsa da ta'aziyya, ta sake buɗe magana, mutane suna ta kawo dabarun yadda shafi zai riƙa faɗa da baki idan waya ta kasa, maimakon ya nuna fari. Na gode musu. Gyara ne mai kyau, kuma zai amfani ɗaliban Peru, sai dai ba za a sake haƙa kabarin Baba Ezekiel don a yi karatu ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar cajarta mai karyayyen wuya, wadda ba ta caji sai an jingina ta da littafin waƙoƙi. Ta bar robar bayanta. Ta bar hotuna ɗari biyu da goma sha biyu, fiye da rabinsu na babban yatsan Baba ne, sauran kuma na akuyoyin Baba Ezekiel. Ta bar 'yan'uwa arba'in da ɗaya a hannun tsofaffin ƙungiya, waɗanda yanzu suna gani sarai amma masu su sun fara yi musu kallon tuhuma. Lamba ta goma sha bakwai ta riga ta rasuwa. Ta kuma bar wani tsoho da yake tashi da safe, ya yi addu'a, ya sa tabarau, ya zauna da kofin kunu yana kallon bango, sannan ya aika a tambayo maƙwabta ko an ji wani ya mutu.

Ga tsarin jana'iza kamar yadda iyali suka tsayar.

Za a yi zaman ta'aziyya ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma a gidan Baba a Television, a bayan gida kusa da tankin ruwa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya zo da sabuwar waya a matsayin gudummawa. An riga an kawo guda biyu, suna nan a kwalinsu a ƙarƙashin gado. Ana kuma roƙon Goggo Vicky, da dukkan girmamawa, ta bar tata a jaka.

Ranar Asabar mota za ta tashi daga Unguwar Boro da ƙarfe bakwai na safe zuwa ƙauye. Kujerar gaba ta Baba ce, kuma ba za a tayar da inji ba sai an gan shi zaune a kanta da ido. Mama Christy ta amince a taru a bakin kabari, Baba ya karanta littafinsa daga farko har ƙarshe, har da labarin rini. Ta ce a akwatin mijinta ma ta tarar da wani littafi da sunan Shekari a bangonsa, ba ta buɗe ba, za ta ba shi.

Ba za a ɗora wannan sanarwa a shafin ƙungiya ba. An buga ta a takarda, kwafi arba'in da ɗaya. Iyali sun naɗa Wilson ya kai su gida-gida da ƙafarsa, ya karanta wa kowane tsoho da bakinsa, ba tare da ya tsallake sakin layin da ke ɗauke da sunansa ba. An sanar da shi wannan naɗi tun jiya. Bai ce komai ba, saboda haka an ɗauka ya yarda.

Akwai kwafi na arba'in da biyu, wanda na sa aka buga da manyan baƙaƙe. Wannan ba na Wilson ba ne. Ranar Juma'a, kafin a fara waƙa, ni zan durƙusa in miƙa wa Baba shi a hannu, in tsaya a wurin har ya kai layin ƙarshe, don ya san wa ya yi masa ƙarya kuma wa ya tsaya yana kallo. Na sayi kaji biyu, suna ɗaure a bayan gidana a Trikania. Ko za a binne Sakatariya ko za a sake danna gefenta, wannan hukuncinsa ne shi kaɗai.

Idan ya karanta ya ninke takardar bai ce uffan ba, ina roƙon duk wanda yake wurin, don girman Allah, kada kowa ya ce ya yafe.

Sanarwa daga 'yarsa,
Celina Shekari, Trikania.